Yadda Kulob Ke Neman Lasisin Shiga Gasar Lig, da Abin Yi Idan An Hana Shi

Tun da aka rufe kakar wasa saƙonni ke shigo mini, kuma kusan duk a kan abu ɗaya. Wani sakataren kulob ne, ƙungiyarsa ta hauro rukuni na sama, an miƙo masa fam mai shafuka rututu, ya rasa ta inda zai kama. Wani kuma magoyin baya ne da ransa ya ɓaci, yana tambaya: mun ci wasanninmu a fili, an ce ba za mu hau ba saboda takarda, wannan adalci ne? Zan haɗa su in amsa a wuri guda, domin wanda ya san matakan neman lasisi shi ne kaɗai zai iya nuna daidai inda aka zalunce shi. Sauran sai dai su yi ta kururuwa a rediyo.

Ko'ina kake a duniya tsarin bai cika bambanta ba, saboda daga FIFA ya gangaro zuwa UEFA da CAF da sauran hukumomin nahiyoyi, sannan zuwa hukumar kowace ƙasa. Ana duba kulob ta fuska biyar: harkar wasa da renon matasa, filin wasa da kayan aiki, ma'aikata da shugabanci, matsayin kulob a doka, sai kuma kuɗi. Lasisin na kaka ɗaya ne, ba a gadonsa, ba a sayar da shi, ba a ba wani aro.

1. Nemo kundin dokokin bana

Na bana na ce, ba na bara ba. Rubuta wa hukumar da ke ba da lasisi takarda, ka nemi abu uku: kundin dokokin lasisi na kakar da ke tafe, jadawalin ranakun wa'adi, da sunan jami'in da ke kula da lasisi. Kada ka yarda da kwafin da wani ya turo maka a WhatsApp, domin sau da yawa tsohon bugu ne, kuma sakin layi ɗaya da aka sauya ya isa ya kayar da kai.

Idan kundin ya zo, ka lura da harafin da ke gefen kowane sharaɗi. Mai harafin A dole ne, in babu shi babu lasisi. Mai harafin B shi ma wajibi ne, amma rashinsa tara ko gargaɗi yake jawowa, ba ya hana shiga gasa. Mai harafin C shawara ce kawai, sai dai na C ɗin bana shi ke zama B ko A nan da 'yan shekaru. Na ga shugabannin da suka zuba kuɗi wajen gyara ɗakin manyan baƙi, alhali takardar binciken kuɗi, wadda take A, ko fara ta ba a yi ba.

A kula: lasisin gasar cikin gida daban, na gasar nahiya daban. Samun na farko ba ya ba ka na biyu. A 2013 Rayo Vallecano ta ƙare ta takwas a Sifaniya, aka hana ta lasisin UEFA, gurbin ya faɗa hannun Sevilla da ta zo ta tara. Sevilla ɗin ce ta je ta ɗauki kofin Europa a 2014.

2. Auna dokokin tun kafin a buga wasa ko ɗaya

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne tsada idan aka tsallake shi, don haka zan ɗan jima a kansa.

Zauna da lauyan kulob, ku bi sharuɗɗan A ɗaya bayan ɗaya, kuna yi wa kowanne tambayoyi. Yaushe aka sanar da shi, kafin a fara kaka ko bayan an ga waɗanda ke saman teburi? Ya hau kan kowa, ko kuwa masu haurowa kaɗai ake tsananta wa, tsofaffin 'yan gida kuma a kau da kai? Su wa za su yanke hukunci, kuma akwai wanda zai amfana a cikinsu idan an hana ku? Wa'adin da aka sa, mutum zai iya cika shi kuwa? Sannan shi sharaɗin, me yake karewa? Wanda ya ce a samar da ƙofofin fita na gaggawa rayukan 'yan kallo yake karewa, ba mai musu a kansa. Wanda ya ce sai kujeru dubu goma a garin da 'yan kallonsa ba sa wuce dubu uku, wannan akwai alamar tambaya.

Ba ƙirƙirar misalin na yi ba. A 2003 Falkirk ta lashe rukuni na biyu a Sikotland, amma dokar babbar gasa a lokacin ta ce sai fili mai kujeru 10,000. Falkirk ta nemi a bar ta ta yi aron filin wata ƙungiya, kulob-kulob ɗin da ke cikin gasar suka zauna suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi. Motherwell, wadda ta ƙare a ƙarshen teburi, ta ci gaba da zamanta. Shekara ɗaya bayan haka Inverness ta zo da irin wannan buƙata, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka bar ta ta riƙa buga wasanninta na gida a Aberdeen. Ba a daɗe ba aka sauko da adadin zuwa 6,000. Wato dokar da ta hana Falkirk hawa, su kansu masu ita ba su daɗe suna riƙe da ita ba. A ganina babbar illar ba a yawan kujerun take ba, a wajen masu ƙuri'ar take. Duk inda waɗanda ke tsoron faɗuwa suke cikin masu yanke wa mai haurowa hukunci, an ba kura ajiyar nama.

To me za ka yi idan ka ga irin wannan? Rubuta ƙorafi nan take, a kan takardar kulob, ka ambaci lambar sakin layin, ka faɗi dalilinka, ka nemi amsa a rubuce. Nemi sauran ƙungiyoyin rukuninku su sa hannu, ku kai maganar babban taron hukuma, inda a can ne ake gyara doka. Ka kafa hujja da ƙa'idar FIFA da ta ce cancantar shiga gasar cikin gida ta dogara ne da farko a kan abin da aka yi a fili. Ƙa'idar ta yarda a ƙara wasu sharuɗɗa na lasisi, amma ba ta ce su shafe sakamakon wasa ba.

Gargaɗi, kuma kada ka manta da shi: ƙorafin da aka kai bayan an ci kofi ihu ne bayan hari. A Ingila shekara uku a jere zakarun rukuni na biyar, wanda ake kira Conference a lokacin, ba su hau ba saboda fili: Kidderminster a 1994, Macclesfield a 1995, Stevenage a 1996. Dokar ta ce fili ya cika sharaɗi tun ranar 31 ga Disamba, wato watanni kafin kulob ya san ko zai hau ko ba zai hau ba. Stevenage ta kai ƙara kotu. Alƙali ya ga akwai abin suka a wasu sharuɗɗan, amma ya kori ƙarar, babban dalilinsa kuwa jinkiri ne: kun san dokar tun farkon kaka, kuka yi shiru sai da kuka zo na ɗaya, ga shi sauran ƙungiyoyi sun riga sun yi shirinsu a kanta. Torquay da ya kamata ta faɗo ta tsira.

3. Mutum ɗaya, fayil ɗaya, kalanda ɗaya

Naɗa mutum guda ya riƙe aikin, a rubuta wa hukuma sunansa. Kada ya zama shugaban kulob, domin shi ba ya zama, kuma kada ya zama koci. A ba shi fayil mai ɓangare biyar, na'urar ɗaukar hoton takardu, da adireshin imel na kulob, ba nasa na kansa ba. Duk takardar da ta shigo a ɗauki hotonta a ajiye a wuri biyu.

Sai kalanda. Ɗauki kowace ranar wa'adi ka ja ta baya da mako biyu, wannan ce ranarka. Takardun da ke hannun wasu, kamar shaidar biyan haraji, rahoton mai binciken kuɗi, da takardar hukumar kashe gobara, su za a fara nema, saboda ba kai ke da iko da saurinsu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne kuma za a yi kasafin abin da aikin zai ci. Kuɗin fam shi ne mafi ƙanƙanta. Masu nauyin su ne ladan mai binciken kuɗi, ladan lauya, inshorar 'yan wasa da gwajin lafiyarsu, kwas ɗin koci, ajiyar banki idan gasar na buƙatar jingina, biyan tsofaffin basussuka, da gyaran fili, wanda shi kaɗai yakan haɗiye sauran duka. Luton da ta hau Firimiyar Ingila a 2023 sai da ta kashe kimanin fam miliyan 10 a kan filinta, har aka ɗage wasanta na farko a gida don aikin bai kammala ba.

4. Takardun doka

Wannan ba shi da wuya idan gidan a tsare yake. Ana son shaidar rajistar kulob, tsarin mulkinsa, sunayen masu shi da kason kowa, shaidar zama mamba a hukumar ƙwallo, da takardar alkawari da mai ikon sa hannu ya rattaba cewa kulob zai bi dokoki kuma ya amince da hurumin kotun wasanni. Abin da ke kayar da mutane ƙaramin abu ne: sunan da ke kan rajista daban, na asusun banki daban, na kwantiragin 'yan wasa daban. A daidaita su su zama ɗaya, har wajen harafi.

A kula da abu biyu. Na farko, sayen gurbi. A 2007 wani ɗan kasuwa ya sayi Ciudad de Murcia da ke rukuni na biyu a Sifaniya, ya ɗauke ta zuwa wani yanki, ya sa mata suna Granada 74. Bayan wannan ne FIFA ta rubuta ƙa'idar da ta hana sauya suna, mazauni ko tsarin mallaka don a samu gurbin da ba a ci a fili ba. Har yanzu wasu ƙasashe na barin a sayar da matsayi, kamar yadda aka sayar da na Bidvest Wits a Afirka ta Kudu a 2020, amma kada ka biya ko sisi sai hukumarku ta amince a rubuce. Na biyu, mutum ɗaya ya zama yana da ƙarfin faɗa a ji a ƙungiyoyi biyu da ke gasa ɗaya. Crystal Palace ta ci kofin FA a 2025, amma saboda ɗan kasuwa John Textor na da hannun jari a cikinta da kuma Lyon ta Faransa, wadda ita ma ta samu gurbin Europa, kuma ba a warware lamarin kafin wa'adin 1 ga Maris ba, aka sauko da ita daga Europa zuwa ƙaramar gasar UEFA ta Conference. Ta je kotun wasanni, ba ta yi nasara ba.

5. Bashi da lissafin kuɗi

Nan ne maƙabartar kulob-kulob. Abu biyu ake so: lissafin kuɗin shekara wanda mai bincike mai zaman kansa ya duba ya sa hannu, da shaidar cewa babu bashin da lokacin biyansa ya wuce. Mai binciken dole ya kasance daga waje, mai rajista. Akantan kulob ba zai binciki kansa ba, ƙanin shugaba ma haka.

Bashin da ake nufi kala uku ne: na wasu ƙungiyoyi a kan cinikin 'yan wasa, har da haƙƙin renon ɗan wasa da ake bin kulob, na ma'aikata, wato albashi, alawus da kuɗin sa hannu na 'yan wasa da masu horarwa, sai na hukumar haraji da asusun fansho. Ga yadda za ka bi. Fitar da sunan duk wanda ya yi wa kulob aiki a shekarar da ake dubawa, har da waɗanda suka tafi. Gaban kowane suna rubuta abin da kwantiragi ya ce, abin da aka biya, da ranar biya, ka liƙa shaidar banki. Wanda aka biya a hannu ba tare da ya sa hannu ba, a idon kwamitin da ke ba da lasisi ba a biya shi ba.

Idan akwai bashi kuma babu kuɗin biya, hanya biyu ce ta rage. Ko dai mai bin bashin ya amince a rubuce a ɗaga masa lokaci, da sa hannunsa da kwanan wata kafin ranar wa'adi, ko kuma ya kasance akwai shari'a ta gaskiya a kan bashin a gaban hukumar da ke da hurumi. Ƙarar da aka shigar don a ja lokaci kawai, kwamiti na da ikon yin watsi da ita.

Na taɓa taya wani kulob haɗa fayil, muka bi 'yan wasa talatin da wani abu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Muka manta da mataimakin kocin da aka sallama a tsakiyar kaka, wanda ke bin albashin wata biyu. Shugaba ya ce ai sun yi magana ta waya, ya yafe. Kwana uku kafin zaman kwamiti takardar lauyansa ta isa hukuma. A daren nan aka bi mambobi ana haɗa kuɗi, aka tura, aka samo sa hannunsa da safe. Ko da muka kai, ranar da doka ta sa ta riga ta wuce, sai da muka je ɗaukaka ƙara. Tun daga ranar, in aka ce mini wani ya yafe, sai in ce a kawo mini takardar yafiyar.

Gargaɗi: ba girman bashin ake dubawa ba, ranar ake dubawa. A 2014 Parma ta zo ta shida a Italiya, aka hana ta lasisin UEFA saboda jinkirin biyan harajin da bai wuce kimanin Yuro 300,000 ba, Torino ta maye gurbinta. A 2015 aka sauko da Elche daga La Liga saboda bashin haraji, duk da cewa a fili ta tsira. Kuma kada ka ɓoye komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bashin da ka bayyana ana iya neman mafita a kansa, wanda aka gano da kansu kuwa ya zama laifi biyu, har da ba da bayanan ƙarya, kuma ana iya ƙwace lasisi a tsakiyar kaka.

Wani lokaci kuma dokar kuɗin ce ke da gyara. Eibar ta hau La Liga a 2014 ba a bin ta bashi, amma wata doka ta ce sai ta ƙara jarinta da kimanin Yuro miliyan 1.7, adadin da aka lissafa daga abin da sauran ƙungiyoyi ke kashewa. Wato an hukunta mai tsimi da ma'aunin masu almubazzaranci. Eibar ba ta tsaya gardama kaɗai ba, ta sayar da hannun jari ga magoya baya daga ƙasashe da dama, ta cika kuɗin kafin wa'adi. Darasin aiki a nan shi ne ka yi ƙorafinka kana kuma cika sharaɗin, kada ɗaya ya jira ɗaya.

6. Filin wasa

Idan filin naku ne, kawo takardar mallaka. Idan na gwamnati ne ko na wani, kawo yarjejeniya a rubuce wadda ta ɗauki kakar gaba ɗaya, da sa hannun mai ikon bayarwa. Alkawarin baki daga wani babba ba takarda ba ne, kuma babba yakan sauka daga kujera.

Sai takardun tsaro: shaidar ingancin gini, ta kashe gobara, adadin 'yan kallon da hukuma ta amince filin ya ɗauka, da tsarin fitar da jama'a idan wani abu ya faru. Duba ranar ƙarewar kowacce. Takardar da za ta mutu a tsakiyar kaka a sabunta ta yanzu.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne fili na biyu. Tun kulob na tsakiyar teburi, a samo filin da ya riga ya cika sharaɗi, a ƙulla yarjejeniyar ko-ta-kwana da masu shi, a tabbatar doka ta yarda da nisansa. Lecco ta ci wasan hawa zuwa Serie B, rukuni na biyu a Italiya, ranar 18 ga Yunin 2023, wa'adin miƙa takardu kuma saura kwana biyu kacal. Filinta bai isa ba, takardar amincewa da filin aro na Padova ta makara, aka cire ta. Ta kafa hujja da cewa an ɗage wasannin hawan amma ba a ɗage wa'adin ba, wanda gaskiya ne, kuma daga ƙarshe ta yi nasara. Sai dai an yi ta kai-komo a kotuna har ƙarshen Agusta, lokacin da abokan hamayyarta suka daɗe da gama sayen 'yan wasa.

7. Matasa, koci da ma'aikata

Mafi ƙarancin abin da dokar FIFA ta nema shi ne ƙungiyar matasa ɗaya ta 'yan shekara 15 zuwa 21, da wata ta 'yan 10 zuwa 14, masu rajista kuma masu buga gasar da hukuma ta sani, tare da rubutaccen tsarin renonsu. Tara yara ranar da masu dubawa za su zo a raba musu riguna ba ya wucewa, domin za a nemi katin rajista da sakamakon wasanni. CAF ta ƙara da cewa kulob ɗin da zai shiga gasarta ya kasance yana da ƙungiyar mata, ko yarjejeniya a rubuce da wata ƙungiyar mata.

Wajen ma'aikata, kowane muƙami da takardarsa: babban manaja, jami'in kuɗi, jami'in tsaro, jami'in yaɗa labarai, likita, mai gashin ƙashi da tausa, babban koci da mataimakinsa, da kocin matasa. Haɗa kwantiragi da shaidar ƙwarewa. Lasisin koci ya kasance na matakin da gasar ta nema kuma bai mutu ba. Kada ka ari sunan mai lasisi ka sa a fam alhali wani ne ke tsaye a bakin layi. Ranar wasan farko za a gane.

8. Miƙawa

Kafin a kai, ba wani wanda bai taɓa ganin fayil ɗin ba ya bi shi da jerin sharuɗɗa a hannu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan ta intanet ake miƙawa, kamar CLOP, shafin neman lasisi na CAF, kada a bari sai daren ƙarshe, kuma a ɗauki hoton allon da ke nuna an karɓa. Idan hannu da hannu ne, a tafi da kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Jami'in lasisi yakan dawo maka da jerin abin da ya rage, ya ba ka 'yan kwanaki. Amsa a rubuce, abu bayan abu.

9. Ranar duba fili

Masu dubawa ba daga wajen manyan baƙi suke farawa ba. Na ga wanda yana shigowa ya wuce kai tsaye ɗakin alƙalan wasa, ya murɗa famfo, ya tsaya yana kallon agogonsa. Ruwa bai zo ba, ya rubuta, bai ce uffan ba. Daga nan ya ciro tef ya auna raga, mita 7.32 a faɗi, 2.44 a tsayi, ya tura ƙofar fita ta gaggawa ya tarar da kwaɗo a jiki, mai makullin kuma ya tafi gida. Don haka kwana biyu kafin su zo, ku yi naku zagayen: ruwa, banɗaki, fitilu da janareta a kunne, hanyar da motar asibiti za ta shiga har bakin fili, shingen da ya raba magoya bayan baƙi da na gida, da makullin kowace ƙofa a hannun mutum ɗaya da ke wurin. A ƙarshe nemi kwafin rahotonsu. Idan akwai abin da ba ka yarda da shi ba, rubuta a gefen kafin ka sa hannu, ka ɗauki hotuna masu kwanan wata.

10. Idan an hana ka

Kwamitin farko ne ke yanke hukunci, kuma wajibi ne ya ba ka shi a rubuce tare da dalilai. Hukuncin da aka ji a rediyo ko aka faɗa ta waya ba hukunci ba ne, nemi takarda. Ranar da ta iso hannunka rubuta kwanan wata da lokaci, domin daga nan wa'adin ɗaukaka ƙara ke fara ƙirgawa, kuma a harkar lasisi kwanaki ne ƙalilan. Biya kuɗin ɗaukaka ƙara cikin wa'adin, ka liƙa rasit.

Kwamitin ɗaukaka ƙara dole ya zama daban da na farko, mutum ɗaya ba zai zauna a duka biyun ba. Nemi sunayen mambobinsa. Idan akwai mai alaƙa da ƙungiyar da za ta ci gurbinku, nemi ya janye tun kafin a zauna, a rubuce. Wanda ya bari sai da ya faɗi sannan ya tuna da wannan, ba a cika sauraronsa ba.

Hujjojin da ke cin ƙara sanannu ne: kwamiti ya yi kuskure a kan abin da ke cikin fayil, an yi maka aiki da dokar da ba a sanar ba kafin kaka, ba a ba ka damar kare kanka ba, an ɗaga wa wani ƙafa a kan irin laifinka, ko kuma sharaɗin B ne aka hukunta ka kamar na A. Waɗanda ba sa ci su ma sanannu ne: tarihin kulob, yawan magoya baya, da cewa za a biya mako mai zuwa. Bordeaux ta lashe gasar Faransa sau shida, amma a 2024 matsalar kuɗi ta kai ta rukuni na huɗu. Lyon kuwa, da hukumar sa ido kan kuɗin kulob ta DNCG ta sauko da ita a Yunin 2025, ta koma gaban kwamitin ɗaukaka ƙara da sabon shugabanci da sabon kuɗi a ƙasa, aka soke hukuncin a watan Yuli. Sai dai ka duba kundinku da kyau, domin ba kowane tsari ne ke karɓar sabuwar shaida a wannan mataki ba. Wasu abin da ke cikin fayil ranar wa'adi kaɗai suke kallo.

Maganar an ɗaga wa wani ƙafa ita ce mafi wuyar tabbatarwa, saboda fayil ɗin kowane kulob sirri ne. Abin da za ka iya shi ne ka kawo abin da ke a fili, kamar hukuncin FIFA a kan bashin wata ƙungiya ko filin da kowa ya san ba shi da fitilu, ka nemi kwamiti ya duba da kansa. Zargi ba tare da takarda ba yakan jawo maka tara a kan rashin lasisi.

Idan nan ma ba a dace ba, sai kotun sasanci ta ƙasa in akwai, ko kotun wasanni ta duniya, CAS, da ke Lausanne a Suwizalan, gwargwadon abin da dokar hukumarku ta tanada. Wa'adin CAS kwana 21 ne idan dokar ba ta sa wani ba, ana kuma biyan faran 1,000 na Suwizalan wajen shigar da ƙara, ban da kuɗin masu shari'a da na lauya, waɗanda su ne masu nauyi. Tare da ƙarar nemi a gaggauta sauraro, ka kuma nemi a dakatar da hukuncin kafin a fitar da jadawalin wasanni, domin da zarar an fara gasa da wata ƙungiya a gurbinku, da wuya a juya. Kada ka ruga kotun gari, dokokin FIFA sun hana sai inda dokar ƙasa ta buɗe ƙofa, kamar yadda ta buɗe wa Lecco a Italiya. Yayin da ake wannan duka, yi rajistar rukunin da ke ƙasa da wanda aka hana ka cikin wa'adinsa, ka rubuta a jikin takardar cewa kana yi ne ba tare da janye ƙararka ba.